Akuyar Dutsen Abu Jasim

Sonafur, unguwar leburori a Dubai, ita ce ta fara karɓata. Sunan wurin a takarda Muhaisina, amma ban taɓa jin wanda yake kwana a can ya kira shi haka ba. Abin da ejan ya faɗa mini a Kano shi ne wata masana'antar jakunkuna da takalma ce take neman masu hannu, da ya ga alaben da na ɗinka har cewa ya yi Larabawa rububina za su yi. Rububi kam an yi, amma na shiga bas ne da sassafe. Aka ba ni hular kwano da riga mai ɗaukar ido, aka nuna mini tulin bulo. Ni Halidu, ɗan baduku jikan baduku, wanda ya buɗe ido ya ga basilla a hannun ubansa, sai ga ni ina dakon siminti zuwa hawan da ko leƙen ƙasa ba na iya yi.

Zafin garin ba ya faɗuwa, sai wanda ya sha. Amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali hannuwana ne. Suka faffashe, suka yi kanta, har ta kai idan na shafa riga ba na bambance ta da buhu. Baduku kuwa da yatsu yake gani. Akwai wani ɗan Bangaladash da yake kwana a gadon da ke saman nawa, ba ma jin yaren juna, amma ya lura da yadda nake zama ina kallon tafukana. Ya riƙa miƙo mini kwalbar man kwakwarsa yana nuna mini in shafa. Har muka rabu ban iya faɗin sunansa daidai ba, Allah ya saka masa da alheri. Idan na kira Inna kuwa, lafiya lau nake ce mata, aiki sai godiya. Me zan ce? Ita ce ta sayar da tumakinta aka cika kuɗin tafiyar.

Ana nan sai kamfanin ya ruguje. Muka wayi gari babu bas, babu mai kula da mu, sai da aka yi ta kai-kawo kafin kowa ya karɓi fasfonsa. Wata Juma'a na bi wasu zuwa unguwar Dera a cikin gari, ana fitowa daga masallaci na ji wani a bayana yana cewa, “Kai dalla matsa mana.” Wallahi tunda nake ban taɓa jin daɗin rashin kunya kamar ta ranar ba. Na bi mutumin nan kamar jela har Al Khabaisi, inda 'yan Kano suke da ofisoshin kago, masu haɗa kayan 'yan kasuwa su tura gida. A nan na samu abin yi, ɗaurin kwalaye da naɗe su da salatif, in kwana a kan dilolin abaya.

A nan na san Hajiya Talatu. 'Yar kasuwa ce mai safarar atamfa da turare, tana zuwa tana komawa kamar mai zuwa Kwari daga Fagge. Bakinta ba ya hutawa, kuma harshe uku take haɗawa a numfashi ɗaya: yalla yalla, kwantena ba ta jiran kowa, khalas, a rufe. Wata rana hannun jakarta ya tsinke tana tsakiyar faɗa da mai awo. Ina da basillar Babana da zare a ƙasan jakata, duk wahalar Sonafur ban rabu da su ba. Na ce ta kawo. Ta tsaya a kaina tana kallon ɗinkin, ta ce da ni, kai kuma wane tsautsayi ne ya kai ka ɗaurin kwali? Ta ce akwai wani tsoho a Bur Dubai da yake mata gyaran jaka shekara da shekaru, idonsa ya fara tafiya, yana neman hannu. Ta ce in wanke ƙafata in sa riga mai mutunci, gobe za ta kai ni.

Muka hau abra, ƙaramin jirgin katakon da yake tsallakar da mutane ruwan da ya raba garin biyu. Na ƙanƙame benci, Hajiya tana yi mini dariya wai ɗan Dukawa ya ga rafi. Shagon yana wani lungu a bayan kasuwar yadi, tsakanin wani Ba'indiye mai sayar da leshi da wani Bafakistane mai shayi. Ɗan tsukukun wuri ne, amma ina sa ƙafa ƙamshin fata da gam ya buge ni, sai da na juya baya na goge ido.

Abu Jasim sunan tsohon, mutumin Siriya ne, daga can gabashin ƙasar inda ake noman alkama. Dogo ne siriri, yana sanye da 'yar shara mai aljihu a kan jallabiya kowane irin zafi ake yi. Ciwon suga ya cinye masa ido, inuwa-inuwa kawai yake gani. Bai tambaye ni takarda ba. Ya miƙo mini wani takalmi da ya ɓalle, na ɗinka, ya bi ɗinkin da babban yatsansa daga farko har ƙarshe, ya ce in zauna in sha shayi. Ɗansa Jasim, wanda yake aikin ofis, shi ya yi ta zirga-zirga har bizata ta koma ƙarƙashin shagon. Aka ba ni ɗan ɗakin da ke saman shagon. Tsohon ya mayar da ni Khalid, ni kuma ina ce masa Ammi, wato Baffa. Larabcina na Islamiyya ne, kullum yana tsokanata wai idan na tambayi inda almakashi yake sai ya ji kamar an hau mumbari. Shi kuma Hausar da ya kama guda ɗaya ce, “na gode”, don ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutum mai yawan faɗin kalma ɗaya kamata ba.

Tun makon farko na lura da wata ɗabi'arsa. In yana magana, ko yana jiran shayi ya huce, hannunsa na dama yana cikin aljihun 'yar shara yana murza wani abu. Na ɗauka carbi ne. Sai wata ranar da kasuwa ta yi sanyi, ya ji ina buga ƙarfen zane a kan wata ɗamara, ya tambaye ni wa ya sassaƙa ƙarfen. Na ce kakana ne ya sa maƙeri ya yi masa. Ya yi murmushi, ya ce bari ya nuna mini kakan ƙarfen kakana. Ya zaro abin ya ɗora mini a tafin hannu.

Dutse ne baƙi-baƙi mai ɗan kore, bai fi girman ƙwallon dabino biyu a haɗe ba, bayansa a tudu, an huda shi don zare ya wuce. Fuskarsa a shafe take, a ciki an ƙwaƙule surar akuyar daji mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa har gadon bayanta, da ɗan reshe a gaban bakinta. Ya ce hatimi ne, amma na mutanen da suka rayu tun kafin ɗan Adam ya san rubutu, shekaru dubbai. In mutum ya zuba hatsi ko mai a tulu, sai ya toshe bakin da ɗanyen yumɓu ya danna wannan a kai. Duk wanda ya gani ya san mai kayan, kuma in an taɓa za a gane. Ya ce ubansa ne ya tono shi da garma a gonarsu, kusa da wani tudu da ake cewa tsohon gari ne a ƙarƙashinsa, ya ba shi yana yaro. Ya ce gonar yanzu bai san hannun wa take ba, gidan kuma yaƙi ya kwantar da shi.

Na ji wannan duka, kada in yi wa kaina ƙarya. Amma rabin hankalina yana kan aikin. Wanda ya sassaƙa akuyar nan ba shi da ƙarfe, da dutse ya yanki dutse, kuma ya san a juye zai yi ta don ta fito daidai, kamar yadda muke yi. Ƙahon nan layi ɗaya ne, hannunsa bai yi rawa ba. Na riƙa juya shi ina sambatu da Larabcin mumbarina, ina cewa Masha Allah, ban taɓa ganin abin da ya shiga raina kamar wannan ba. Na faɗa, na sake faɗa, na kuma maimaita.

Sai tsohon ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, “Mugaddam.”

To ga inda ɗan karatuna ya kai ni ya baro. Da ban san komai ba, da na tambaya. Amma kunnena ya kama kalmar, na ce ai wannan ita ce “ƙaddamarwa” tamu, wato ya ƙaddamar mini, ya ba ni. Murna ta kama ni. Na ce a raina, ka ga mutanen kirki, abin da ya fi so a duniya ya ɗauka ya ba baƙo. A gidanmu kuwa babba ya miƙo maka abu ka ce a'a, ai ka zage shi. Na sauka daga kujera na durƙusa, na riƙe dutsen da hannu biyu, na yi ta kwararo addu'a, Allah ya ji ƙan mahaifa, Allah ya buɗe ido, Allah ya mayar da shi gida lafiya. Bakin tsohon ya ɗan buɗe ya rufe, ni kuma na ɗauka tawali'u ne.

Ban tsaya nan ba, wannan ne yake hana ni sakewa har yau. Na yi abin da kowane ɗan gidan mutunci zai yi a Kano, na fita neman masu taya ni godiya. Na shiga wurin Ba'indiye mai leshi na nuna masa, na ce don Allah ya zo ya taya ni gode wa Ammi. Na jawo mai shayi. Har wani mai gadi da ke wucewa sai da na tsayar. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna kallon juna, suna yi wa tsohon godiyar da ba su san kanta ba, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa ba komai, ba komai. Ko da yana da niyyar ya ce mini wani abu bayan an watse, na riga na toshe masa hanya da shaidu.

Da yamma na hau ɗakina, son aikin nan bai sake ni ba. Ina da guntun fata mai kauri, jimar gida, da na taho da ita. Na jiƙa ta, na kifa dutsen a kai, na danna da dukan nauyina a hankali, na ɗora masa ƙarfen gyaran takalmi ya kwana a haka. Da safe akuya ta fito a tudu, tsaf, har ɗan reshen. Na yi ta kallo, sannan na jefa fatar cikin jaka na manta da ita.

Sai tunanin Inna ya zo mini. Kowa ɗansa yana Dubai ana ganin alama, wannan zobe, wannan abaya, wannan turare. Ni tunda na zo ban aika mata ko tsinke ba. Yanzu ga abin da babu mai irinsa a duk unguwarmu. Na ɗinke dutsen a cikin 'yar fata kamar laya, na ba Hajiya Talatu da za ta koma, na ce saƙon Inna ne. Na kira Inna na ce wani babban mutum ne ya ba ni, ta sa a jikin carbinta ta riƙa sa mu a addu'a. Ta yi ta sa albarka har katin ya ƙare. Ranar na yi barci kamar wanda ya sauke faralin duniya.

Tsohon bai canza mini ba ko kaɗan. Da safe mu ci gurasa da zaitun tare, ya tsokane ni, ya koya mini yadda ake gyaran jakar matan Turawa ba a ga ɗinki ba. Abu ɗaya na lura da shi, hannunsa yana shiga aljihu ya fito, sai ka ga babban yatsan yana murza ɗan'uwansa, babu komai a tsakani. Na gani, amma ban karanta ba. Jasim ne ya sauya. Da in ya zo sai ya dafa kafaɗata, yanzu sallama ma da ƙyar. Na yanke hukunci a raina cewa baƙar fatata ce ta fara tsone masa ido, har na kai ƙararsa wurin 'yan kago ina cewa ai dama Balarabe ba ya canza hali. Bakin nan nawa, Allah ya shirye shi.

Da Hajiya ta dawo ta zo shagon da saƙon Inna, kilishi da kwalbar zuma, wai a kai wa bawan Allah nan godiya. Tsohon ya karɓa ya yi addu'a. Suna hira sai idonta ya faɗa kan wani carbin kaharaman da ke rataye a bango, ta ce kai, wannan ya yi kyau. Tsohon ya ɗora hannu a ƙirji ya ce mugaddam. Hajiya ta yi dariya, ta mayar masa da wata magana da Larabci, wai ya fi kyau a hannun mai shi, suka ci gaba da zancen farashin haya. Babu wanda ya motsa wajen carbin.

Na raka ta bakin abra ina mita. Na ce Hajiya, dattijo ya ba ki kyauta kin watsa masa ƙasa a ido? Ta dube ni sheƙeƙe ta ce wace kyauta? Ta ce ai wannan maganar baki ce kawai, kamar mu ce wa baƙo bismilla alhali loma ɗaya ta rage a kwano. In ka yaba abin mutumin Sham dole ya ce mugaddam, kai kuma dole ka ce ya fi kyau a hannun mai shi, shi ke nan an rabu da mutunci. Ta ce ko rigar jikinsa ka yaba haka zai ce, sai ka tuɓe shi? Tana cikin dariya ta ga fuskata, dariyar ta tsaya.

“Halidu, me ka karɓa?”

Na faɗa mata. Ta dafe kai ta yi salati, ta ce kuma ni ka ba wa na ɗauka da hannuna? Ta zage ni tas a gaban masu jiran jirgi, ko duka ta yi ma ta yi daidai. Na tuna yadda na durƙusa. Na tuna mai shayi yana godiya. Na tuna zumar da aka kawo yanzun nan, da abin da na faɗa a kan Jasim. Na ji da ƙasa za ta tsage in shige da na gode mata. Na daɗe a bakin ruwan ban iya komawa shago ba.

Abu ɗaya ya rage, dutsen ya dawo aljihun mai shi. Amma kafin nan sai na bi ta kan wata kunyar, in ce wa uwata ta dawo da kyautar da na yi mata, ita ce kuma kaɗai da na taɓa aika mata. Ko yara a layinmu suna yi wa mai kyauta ya karɓe waƙa. Na kira na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na faɗa mata.

“Auta, gaya mini gaskiya. Ɗaukowa ka yi?”

Na rantse mata ba sata ba ce, na yi mata bayani yadda zan iya. Ta ce to Allah ya kyauta, haƙƙin mutane ba abin wasa ba ne, za ta ba Hajiya. Ta ƙara da cewa ta ma gyara shi, mai shi zai ji daɗin ganinsa. Na ɗauka sabon zare ta sa masa, na ce an gode Inna.

Jiran dawowar Hajiya shi ne mafi tsawon zaman da na yi a ƙasar nan, har da Sonafur. Kullum ina zaune gaban tsohon ina kallon yatsan nan yana murza iska. Ya miƙo mini zaitun in ji kamar tsakuwa nake haɗiya. Sau da yawa na buɗe baki zan yi magana sai in ce a'a, bari in zo da abin a hannu, in ajiye masa, sannan in ba da haƙuri. Har na haddace jawabin da zan yi, da Larabci mai kyau.

Hajiya ta sauka, na je Al Khabaisi na karɓi saƙon. Inna ta naɗe shi a ƙyalle fari ta ɗaure da zare. Na koma bayan kwalaye na kwance. Dutsen ne, yana ta ƙyalli, an shafe shi da man kaɗe. Na juya fuskarsa. Sumul. Babu akuya, babu ƙaho, babu reshe, sai wani ɗan layi kamar gashi a gefe guda.

Na kira Inna. Ita kuwa da murnarta take ba ni labari. Ta ce tun ranar da ta farke fatar ta sa shi a carbi Kawu Isuhu, limamin masallacin layinmu, ya gani ya ce ba a tsayawa salla da surar abu mai rai. Ita kuma ba za ta iya ajiye kyautar autanta a akwati ba. Sai ta ɗauko dutsen wasa askar Babana, ta riƙa goga shi kaɗan-kaɗan bayan la'asar tana sa ruwa, ta ce ashe ma dutsen mai laushi ne, bai ba ta wuya ba. Ta tambaye ni ko bai yi kyau ba. Na ce ya yi kyau, Inna. Me zan ce wa matar da ta yi don Allah, kuma ta yi don ni? Ni ne na aika mata ban faɗa mata ko mene ne ba, don ina son ta ɗauka ɗanta ya zama wani abu.

A kan abra shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ya ce jefa shi ruwa ka ce ya ɓata a kago. Ya ce ko kuwa ai kana da hannu, sake sassaƙa akuyar, tsoho ba ya gani. Wannan ta biyun ta ɗan zauna mini, har na tuna da guntun fatar da zan kwafa daga ciki. Sai na tuna yadda ya bi ɗinkina da yatsa ranar farko. Mutumin da ya shekara sittin ko fiye yana murza abu ɗaya, ni zan ruɗe shi da aikin kwana biyu? Na hau ɗaki na lalubo fatar a ƙasan jaka, na sa a aljihu, ban ma san me zan yi da ita ba.

Na same shi shi kaɗai yana jiran shayi. Jawabin da na haddace ya gudu. Na durƙusa a inda na durƙusa wancan karon, na kamo hannunsa na sa masa dutsen. Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya, ya gane nauyin tun kafin ya rufe hannu. Sai babban yatsan ya tafi inda ya saba zuwa. Ya shafa. Ya juya dutsen ya shafa bayan, ya sake juyowa. Ya kai shi kusa da ido, ya mayar. Ina kallon murnar tana sauka daga fuskarsa, ban da ikon tsayar da ita.

“Khalid, ina akuyar?”

Na faɗa masa komai, da Larabci, da Hausa, da kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Na ce ban san ma'anar kalmar ba, na ce Inna ba ta sani ba, na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama. Ya bar ni na gama. Mai shayi ya leƙo da kofuna, ya ga yanayin, ya ajiye ya fita. Can tsohon ya tambaye ni ko mahaifiyata ta yi salla da shi bayan ta goge. Na ce ta yi. Ya jinjina kai, ya kamo hannuna ya mayar mini da dutsen, ya naɗe yatsuna a kai.

“Mayar mata. Wannan nata ne. Nawa yana da akuya.”

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na rasa abin yi, sai na zaro fatar na ɗora masa a gwiwa, na ce kafin in aika na danna shi a kan wannan. Ya ɗauka ba da wani ɗoki ba. Yatsan ya bi ta kai, ya tsaya, ya koma baya. Ya bi ƙahon tun daga goshi har gadon baya, ya sami ɗan reshen. Ya daɗe a haka. Ya ce ta juya, da hagu take kallo, yanzu dama. Ya ce tun yana yaro a rami ya san ta, bai taɓa tunanin danna ta a kan wani abu ba, ashe haka mai tulun yake ganinta. Sannan ya ce, kamar yana magana da kansa, aikin ya yi kyau.

Na ce, “Mugaddam, Ammi.”

Na san amsar da ake bayarwa yanzu, shi ma ya san na sani. Bai ba da ita ba. Ya riƙe fatar da hannu biyu, ya sa ta a aljihun 'yar shara, ya ce da Hausa, “Na gode.” Sai ya ce shayi yana hucewa, kuma takalmin Ba'indiye yana jirana tun jiya.

Dutsen ya koma Kano, yana jikin carbin Inna, har yau ba ta san abin da ta goge ba kuma ba zan faɗa mata ba. Jasim ya dawo yana amsa sallamata, kafaɗar ce dai bai sake dafawa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ina nan a shagon. Hannun tsohon yana shiga aljihu kamar da, yana murzawa in yana magana, yana murzawa in yana jiran shayi. Ni baduku ne, na san abin da yatsa da gumi suke yi wa fata. Kwanan baya ya fito da ita zai nuna wa wani ɗan garinsu, na saci kallo. Reshen ya riga ya tafi, ƙahon ma ya fara kwanciya daga ƙarshe. Babu abin da zan sake dannawa a kai, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya rage murzawa.